Poka a wayar salula: yadda ake karanta hannun abokin karawa, da lissafin bi ko janyewa

A garuruwan Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji har Falanko, wasan karta tsohon abu ne. Matasa na buga belot a fada ana shan shayi, kuma galibi abin da ake ci bai wuce dariya da tsokana ba. Wayar salula ce ta kawo teburin da ba ya tashi. Da yawa daga cikin manhajojin caca da aka fi sani da wasan ƙwallon ƙafa na da sashen karta, inda mutum zai zauna wasan poka da baƙin da bai taɓa gani ba, ya zuba kuɗi ta hanyar aike na waya. Masu tallar wasan na cewa gwaninta ce ke ci. Akwai gaskiya a maganar, domin poka na da lissafi, kuma wanda ya fahimci lissafin zai iya auna abin da ke jiran kuɗinsa kafin ya taɓa su.

Yadda wasan ke tafiya

Nau'in da ya fi yaɗuwa a intanet shi ne Texas Hold'em. Ana yin sa da kati 52, saɓanin belot mai kati 32. Kowane ɗan wasa na karɓar kati biyu a rufe. Daga nan a baje kati biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu: uku a tashin farko, sai na huɗu, sai na biyar. Mutum na haɗa nasa da na tebur ya fitar da biyar mafi ƙarfi. Tagwaye, wato kati biyu masu daraja ɗaya, sun fi hannun da bai haɗa komai ba. Ƴan uku sun fi tagwaye. Biyar masu zane iri guda, misali duk zuciya, sun fi ƴan uku.

Sau huɗu ake zagayen zuba kuɗi a kowane hannu. Idan wani ya zuba, wanda layi ya zo kansa na da zaɓi uku. Ko ya bi, wato ya zuba daidai abin da aka zuba, abin da Faransawa ke kira suivre. Ko ya ƙara a kai. Ko kuma ya janye, ya ajiye katinsa ya haƙura da duk abin da ya riga ya sa a tukunya, wato kuɗin da aka tara a tsakiya. Tunda mutum na iya cinye tukunya ba tare da ya nuna katinsa ba muddin kowa ya janye, burga ta zama rabin wasan.

Karanta hannu

Sabon shiga kan ɗauka cewa gwani na hango ainihin kati biyun da ke hannun abokin karawarsa. Ƙwararru na aiki ne da jeri. Kati biyu daga cikin 52 na iya haɗuwa ta hanyoyi 1.326. Da zarar mutum ya ƙara kuɗi tun kafin a baje komai, an san yawancin hannayen banza sun fita daga lissafi. Duk zubin da ya sake yi, da girmansa, da kujerar da yake zaune, suna ƙara rage jerin, har a kai kati na biyar da sauran hannaye ƴan kaɗan.

Dillalan kasuwar dabbobi ta Tanut sun san irin wannan karatu. Mai sayen da ya taya raƙumi ya tafi, ya dawo ya sake taya shi, ya nuna bukatarsa ko bai ce uffan ba. Bambancin shi ne dillali na ganin idon mutum da rawar hannunsa. A intanet babu fuska. Abin da ya rage shi ne yawan kuɗin da aka zuba, da saurin zubawa, da tarihin wasan mutum. Manyan ƴan wasa na amfani da manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager, waɗanda ke adana dubban hannaye su nuna sau nawa wane ke shiga wasa, sau nawa yake ƙari, sau nawa yake janyewa idan an matsa masa. Mai wasa da ƙaramar salula ba ya ganin waɗannan alƙaluma, alhali shi ana iya ganin nasa.

Farashin bi

Kafin a tambayi abin da abokin karawa ke riƙe da shi, ana fara duba farashi. A ƙaddara akwai jika 10 na CFA a tukunya, abokin karawa ya zuba jika 5. Mai bi zai sa jika 5 don neman jika 15. Idan ya ci sau ɗaya cikin huɗu, ya samu jika 15, ya yi asarar jika 5 sau uku, an tashi babu ci babu asara. Ke nan sai damar cinsa ta haura kashi 25 cikin 100 kafin bi ya zama da riba. Da abokin karawa ya zuba daidai girman tukunya, jika 10, to ana bukatar cin sau ɗaya cikin uku.

Ga misali cikakke. Ɗan wasa na riƙe da sarki da bawa, babu zuciya a cikinsu. A tebur an baje sarkin zuciya, taran zuciya, sai huɗu, biyu da bakwai na wasu zane dabam. Yana da tagwayen sarki. Abokin karawarsa ya yi ƙari tun farko, ya zuba a kowane zagaye, yanzu ya sa jika 5 a kan jika 10.

Sai a ƙirga manyan hannayen da suka fi nasa kuma suka dace da wannan tafiya. Tagwayen as na haɗuwa ta hanya 6. As da sarki hanya 8, domin sarakuna biyu kaɗai suka rage. Sarki da sarauniya hanya 8. Tagwayen tara, waɗanda suka zama ƴan uku da na tebur, hanya 3. Jimilla 25. A ɗaya ɓangaren akwai hannayen da ke da zuciya biyu, suna jiran ta biyar ba ta zo ba, waɗanda ba su da hanyar ci sai burga. A ƙaddara guda 10 ne.

Idan mutumin na yin burga da dukansu, damar mai sarki da bawa ita ce 10 cikin 35, kusan kashi 29 cikin 100. Ta wuce 25, don haka bi ne daidai: a wasa 35 irin wannan zai ci jika 150, ya rasa jika 125. Idan kuwa mutumin mai tsoro ne, da rabinsu kawai yake burga, damar ta koma 5 cikin 30, ƙasa da kashi 17. A nan mai bi zai ci jika 75 ya rasa 125, janyewa ce ta dace. Katin bai sauya ba, farashin bai sauya ba, halin abokin karawa ne ya juya hukuncin. Kuma ko a inda bi ya yi daidai, mutum zai sha kaye kusan sau bakwai cikin goma.

Haka lissafin yake ga mai jiran kati. Wanda ke da zuciya huɗu yana jiran ta biyar a katin ƙarshe na da kati 9 masu ceto cikin 46 da bai gani ba, wato kimanin sau ɗaya cikin biyar. Idan an zuba masa rabin tukunya, farashin ya fi damarsa, sai fa in yana da tabbacin ƙarin kuɗi daga baya idan katin ya zo.

Kuɗin da ya riga ya shiga

Kuskuren da ya fi cin kuɗin sababbin ƴan wasa shi ne cewa sun riga sun zuba da yawa, ba za su janye yanzu ba. A ƙa'idar lissafi, kuɗin da ya shiga tukunya ya bar hannun mai shi. Makiyayan Belbeji na fuskantar wannan tambaya duk bazara: saniya ta rame, an kashe kuɗin dusa wata biyu, damina ba ta sauka ba. Buhunan da ta riga ta cinye ba sa dawowa ko an sayar ko an riƙe. Abin dubawa shi ne kuɗin dusar gaba, da yiwuwar ta kai ga sabuwar ciyawa, da farashinta a kasuwa yau.

Ko gwanaye na kuskuren karatu. A watan Mayun 2003, a gasar duniya ta poka a Las Vegas ta Amurka, wani akawu mai suna Chris Moneymaker ya kai zagayen ƙarshe da Sam Farha, tsohon hannu haifaffen Labanan. Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa alhali sarki da bakwai gare shi, bai haɗa ko tagwaye ba. Farha na da tagwayen tara, ya daɗe yana tunani, ya janye. Moneymaker, wanda ya samu kujerar gasar ta shafin PokerStars da ƙasa da dalar Amurka 100, ya tashi da dalar Amurka miliyan 2 da rabi. Mutum 839 suka shiga gasar a shekarar. A 2006 sun kai 8.773. Labarin mutum ɗaya ya jawo dubbai, kuma kuɗin shigar waɗanda suka faɗi ne ke zama kyautar wanda ya ci.

La'ada, na'ura da rezo

A kasuwa, mai saye da mai sayarwa na iya rabuwa kowa ya ƙaru. A poka, ribar wani asarar wani ce, sannan mai shafin na cire la'adarsa daga tukunya, galibi wajen kashi 5 cikin 100 zuwa wata iyaka. A ɗauka mutum shida masu gwaninta ɗaya sun zauna da jika 10 kowannensu. Idan kowace tukunya jika 2 ce, la'ada dala 20 ce, wato 100 F. Bayan tukunya 100, jika 10 cur sun bar teburin, daidai da jarin mutum guda. Wasan intanet kuma ya ninka na tebur sauri, don haka tukunya 100 ba ta cin wuni. Kafin mutum ya ga riba, sai ya fi abokan wasansa da tazarar da ta wuce la'adar.

Su wane ne abokan wasan? A watan Janairun 2017, a birnin Pittsburgh, wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu bayan hannu 120.000 cikin kwana 20. A 2019 wata mai suna Pluribus ta yi galaba a tebur mai mutum shida. Manyan shafuka sun haramta sa na'ura ta yi wa mutum wasa, suna kuma rufe asusun da suka kama, amma mai wasa ba shi da hanyar tantance wanda ke bayan suna.

Tarihin wasan na da tabo. A 2007 aka gano wani asusu a shafin Absolute Poker yana ganin katin sauran ƴan wasa. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin shari'ar Amurka suka tuhumi shugabannin manyan shafuka uku, daga bisani masu gabatar da ƙara suka ce Full Tilt Poker na riƙe da bashin ƴan wasa kimanin dalar Amurka miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Faransa ta kafa dokar cacar intanet ranar 12 ga Mayun 2010 tare da hukumar sa ido, ARJEL, wadda ANJ ta maye gurbinta a 2020. A Nijar, LONANI ce kamfanin gwamnati mai kula da wasannin sa'a, amma shafin da ke da rajista a Malta ko Curaçao ya yi wa mutumin Falanko nisa idan kuɗinsa suka maƙale. Ga kuma matsalar rezo: kowane ɗan wasa na da daƙiƙu ƙalilan na yanke hukunci, kuma a yawancin shafuka wanda layinsa ya yanke bayan an zuba masa kuɗi ana ɗaukarsa ya janye, ko da shi ke da hannu mafi ƙarfi.

Abin da ke cikin haɗari

A Damargu kuɗi na shigowa ne lokaci guda, bayan kaka ko bayan sayar da dabba, kuma su ake ja har wata damina. Ƙwararrun poka na ba da shawarar kada mutum ya zauna tebur sai yana da ninkin kuɗin zama sau da dama a ajiye, saboda jerin asara na zuwa ko ana wasa daidai. Mai kuɗin buhun hatsi biyu ba shi da wannan ajiya. Asara uku a jere ta isa ta tura shi neman ramuwa, ya bi inda ya kamata ya janye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kuma likitocin ƙwaƙwalwa na lissafa bin asara don ramawa, da ɓoye wa iyali, da cin bashi don wasa cikin alamominta. Ta fuskar addini, malamai na kafa hujja da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida wajen haramta caca, kuma gwaninta ba ta fitar da wasan kuɗi daga hukuncin a wurinsu.

Tambayar da ɗan poka ke yi a kati na biyar, nawa zai sa, nawa zai samu, sau nawa zai ci, ita ce ta dace da shiga wasan baki ɗaya. Matashin Falanko ko Tanut da ya sa la'ada, da ƙwarewar abokan karawa, da raunin rezo, da rashin wurin kai ƙara a kan sikeli, zai tarar farashin zama ya fi damar ci. Janyewa kafin a raba kati ba ta cin ko dala ɗaya.