Amitriptyline ba “maganin mahaukata” ba ne, ba kuma ƙwayar barci ba

Mai ciwon suga zai je asibiti yana kukan tafin ƙafarsa na zogi da dare, likita ya rubuta masa amitriptyline. Da ya dawo gida sai wani ya duba takardar ya ce ai wannan irin na asibitin masu taɓin hankali na Kware ne. Shi ke nan, an jefa magani bayan akwati, an ci gaba da kwana a zaune.

Gaskiya ne don ciwon damuwa aka fara fitar da shi, a Amurka a 1961, bayan likitan Suwizalan Roland Kuhn ya bayyana amfanin ɗan'uwan maganin, wato imipramine, a 1957. Amma bincike bai tsaya nan ba. A 1987 Mitchell Max da abokan aikinsa suka nuna yana rage raɗaɗin jijiyoyin masu suga, ko da mutum ba shi da damuwa sam. Ana kuma ba da shi don rage tasowar ciwon ɓarin kai.

Ga yadda yake aiki: mutumin Illela ya san shingen kan iyaka da ke tsakaninsa da Ƙonni. Lakar gadon baya ma tana da nata shingen, inda ake tace saƙon ciwo kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Jijiyar da suga ya lalata tana ta aiko da saƙo ba tare da rauni ba, maganin kuwa ƙarfafa masu tsaron shingen yake yi. Shi ya sa kaɗan ake farawa da shi, miligiram 10 zuwa 25 da dare, kuma sai an yi makonni kafin a ji sauƙi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu sayensa a kemis don su yi barci. Yana busar da baki, yana hana bayan gida, yana riƙe wa tsofaffi fitsari. Yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa, haɗa shi da tramadol kuwa ƙara haɗarin ne. Idan ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa, kuma yana kisa. Doka ba ta yarda a sayar da shi ba tare da takardar likita ba, sai dai dokar da ba a zagayawa a duba shaguna sunanta kawai doka.

Wanda likita ya rubuta wa, ya sha yadda aka ce, kada ya daina kwatsam, ya kuma ɓoye shi inda yara ba za su kai ba. Mai neman barci kuwa ya tafi asibiti a gano abin da ke hana shi.