Daga Ganɗoki Zuwa Dajin Rugu: Aikin Da Ke Jiran Manazarcin Adabi

Matashin Batsari ko Safana da ke burin zama malamin adabi a jami'a ba sai ya yi nisa ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Tsanin sananne ne: digiri uku, sannan maƙala bayan maƙala har kujerar Farfesa. Abin tambaya shi ne, a kan me zai yi rubutun, kuma don wa?

A aji zai karanta Edward Said, wanda a 1978 ya fayyace yadda Turawa suka siffanta mutanen Gabas yadda zai yi musu daɗin mulka. Amma darasin yana nan gida. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifi Ganɗoki na Malam Bello Kagara, labarin jarumin da ke gwabzawa da Turawa, kuma ofishin Turawan ne ya buga littafin. Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya kafa nazarinsa na tarihin Katsina a kan rubuce-rubucen gida da bakin dattawa, yana tuhumar bayanan 'yan mulkin mallaka.

Yau wa ke ba da labarin mutanen yankin dajin Rugu? A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a Tsauwa da Dankar, cikin Batsari. Jaridu sun kawo adadi, sun wuce. Labarin matar da ta sayar da gona don kuɗin fansa, da na makiyayin da aka kore wa shanu sannan aka kira shi ɗan bindiga, suna bakin masu su. Babi na 4 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba su haƙƙin rayuwa da mutunci, sai dai haƙƙin da ba a rubuta tauye shi ba, da wuya a nemo shi a kotu.

Nan manazarci ke da aiki: ya saurara, ya adana waƙoƙi da labaran 'yan gudun hijira da izininsu, ya sakaya sunayensu. Mafi yawan mujallun da ke kawo ƙarin girma da Turanci suke. Amma marubuci Ngugi wa Thiong'o, bayan tsare shi a 1977, ya koma rubuta ƙagaggun labaransa da Gikuyu. Manazarcin namu ma ya fitar da bincikensa da Hausa, domin mutanen Tsauwa su ji abin da aka rubuta a kansu, su gyara inda aka yi kuskure.