Ye (tsohon rubutun Turanci)

"Ye" tsohuwar hanya ce ta rubuta kalmar Turanci "the". Asalinta harafin þ ne, wanda ake kira thorn, mai wakiltar sautin "th". A rubutun hannu siffarsa ta yi ta sauyawa har ya yi kama da y. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, masu buga littattafai sun riƙa sa y a madadinsa, domin yawancin haruffan ɗab'in da ake kawowa daga ƙetare babu þ a cikinsu.

Saboda haka "the" ake karanta ta. Masu cewa "yi" idan sun ga "Ye Olde" a allon shago kuskure suke yi, wataƙila don sun rikita ta da ɗaya "ye" ɗin mai nufin "ku". Har yau ana rubuta þ a harshen Ayislan.