Barin aikin wucin gadi saboda na dindindin

Shirin N-Power, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2016, ya tura matasa masu digiri da NCE koyarwa a makarantun firamare, har da na Dutsin-Ma da Kurfi, kan alawus na naira 30,000 a wata. Aikin wucin gadi ne, ba fansho, ba ƙarin girma. Shi ya sa idan gurbin dindindin ya samu, a hukumar ilimin firamare ta jiha (SUBEB) ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, babu laifi matashi mai irin wannan aiki ya tafi kafin wa'adi ya cika.

Abin lura shi ne yadda zai tafi. Kada ya ajiye aikin farko sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannu, da hatimi, domin alkawarin baki kan sha ruwa. Ya sanar da hedimasta a rubuce, ya miƙa rajistar aji da makin jarrabawa, kada yara su wayi gari babu malami. Cin albashi biyu kuwa laifi ne.

Bautar ƙasa ta NYSC daban take: shekara guda ce ta dole, kuma ma'aikatu sukan nemi takardar kammalawa kafin su ɗauki mai digiri.