Kafin ka sayi bulon tanderu, san abin da za ka zuba a ciki

Masu gidajen burodi, masu zubin tukwane da masu ƙananan masana'antu sukan je sayen bulon tanderu da tambaya ɗaya tak: wanne ya fi jure wuta? Dogaro da wannan tambaya kaɗai ne ke sa tanderu ya dare tun bai shekara ba. Abubuwa uku ne ke cin bulo: zafin wuta, irin kayan da ake narkarwa, da yawan hurawa da kashewa. Wanda bai lissafa duka ukun ba ya yi saye da ka.

A fara da zafi. Tanderun burodi ba ya cika wuce digiri 300 a ma'aunin Selshiyos. Alminiyam yana narkewa a 660, jan ƙarfe a 1085, yayin da tanderun siminti irin na Ashaka ko na Kalambaina ke kai kayan cikinsa wajen 1450. Bulon yumɓu mai jure wuta, wanda sinadarin alumina a jikinsa yake tsakanin kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari, ya wadatar a ƙananan ayyuka, amma idan zafi ya ƙaru sai an nemi mai alumina fiye da haka. Daga nan sai maganar kayan ciki, wadda aka fi mantawa da ita. Kashin ƙarfe mai yawan farar ƙasa yana cinye bulon silika tun zafi bai kai na narkar da shi ba, shi ya sa masu narkar da ƙarfe da masu siminti suke jera bulon magnesiya inda wuta ta fi tsanani, masu gilashi kuwa suke rufe saman tanderunsu da na silika. Kowanne kuma da lagonsa. Na magnesiya ba ya shiri da danshi, idan damina ta same shi a waje sai ya kumbura ya marmashe. Na silika yana tsagewa idan aka gaggauta masa wuta daga sanyi, don haka bai dace da masana'antar da lantarki ke ɗauke mata ba sallama ba.

Wani zai ce kakanninmu maƙera da laka suka gina tanderu, suka kuma fitar da ƙarfe daga tama. Haka ne, amma nasu bayan kowane narki ake yaɓe shi ko a sake sabo, ba a hura shi kullum har wata da watanni. Yumɓun gida kuwa ba abin rainawa ba ne, domin farin yumɓu irin na Ƙanƙara a jihar Katsina yana cikin kayan da ake haɗa bulon wuta da su, sai dai sai an auna shi an gasa shi da zafin da ya kamata. Wani kuma zai ce to a sayi mafi tsada a huta. Wannan ma asara ce: bulon magnesiya a gidan burodi ɓarnar kuɗi ne, ga shi yana saurin zurarar da zafi. Mai kukan tsada shi ma ya tuna araha ba ta ado. Jan bulon gini da simintin gini ba sa ɗaukar wutar narki, kuma ranar da bango ya fashe narkakken ƙarfe ya kwararo, ƙafafun ma'aikata ne a gaba.

Saboda haka, a gaya wa mai sayarwa zafin da ake bukata da abin da za a narkar, a nemi takardar kamfani mai nuna yawan alumina da iyakar zafin bulon. A ƙwanƙwasa shi da guduma: mai lafiya yana ƙara garau, mai tsaga a ciki sautinsa a dushe yake. Bulo mai nauyi shi ke fuskantar wuta, marar nauyi mai ƙananan ramuka a bayansa ake jera shi don tsare zafi. A haɗa su da kwaɓin da aka yi domin wuta, siriri, a bar 'yar tazara saboda bulo yana buɗewa idan ya yi zafi. Sabon tanderu kuma da ƙaramar wuta ake fara busar da shi, domin ruwan da ya maƙale a bango yana zama tururi ya fasa shi. Idan mai sayarwa ya kasa nuna takarda, a nemi wani.