GWAJIN TALLA DA MAI SAYEN KWAMFUTA

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kure a Minna ya san al'adar ɗanɗano. Mai zuma yakan ɗiga wa mai saye kaɗan a yatsa, mai gero yakan ɗebo daga bakin buhu ya zuba masa a tafin hannu. Ba wanda ya ce wannan ha'inci ne. Amma tsofaffin 'yan kasuwa in sun zo sayen buhu ba su tsayawa kan abin da aka miƙo musu, sai sun cusa hannu can ƙasa sun ɗebo da kansu. Yau kuwa akwai wani irin kaya da ba a iya cusa masa hannu, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows. Ita ce ke sa na'urar ta tashi, ta buɗe takardu, ta yi magana da injin buga takarda. Tun da ba a ganinta da ido, masu sayar da ita sukan shirya gwaji gaban jama'a, su ɗauki hotonsa, su mai da shi talla. Ya kamata 'yan ƙasa su san iyakar abin da irin wannan gwaji yake tabbatarwa.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne a Amurka. A watan Janairu na 2007 kamfanin Microsoft ya fito da Windows Vista, ba a daɗe ba kuwa sai sunanta ya ɓaci. Mutane suka yi ta kukan tana da nauyi, tana yawan tsai da mutum da tambayar neman izni, kuma tsofaffin injunan buga takarda da yawa sun ƙi aiki da ita. A watan Yuli na 2008 kamfanin ya tara mutum 140 a birnin San Faransisko, waɗanda ba su taɓa aiki da Vista ba, sai dai labarinta da suka ji. Aka ce kowa ya ba ta maki daga cikin goma, matsakaicin makin ya tsaya 4.4. Sa'an nan aka nuna musu wata manhaja da aka ce sabuwa ce, sunanta Mojave, na kimanin minti goma, ana ɗaukar hotonsu a ɓoye. Suka ba ta 8.5. Daga nan aka faɗa musu gaskiya: Mojave ɗin nan ai Vista ce aka sake wa suna. Mamakin da ya bayyana a fuskokinsu shi aka watsa wa duniya.

In za a yi adalci, gwajin ya nuna abu guda na gaskiya. Mutum yakan tsani kaya don jita-jita kawai, kuma suna yana da ƙarfi a zuciya fiye da yadda ake zato. Kamfanin bai ƙirƙiro mutanen ba, bai kuma sa musu magana a baki ba.

To, amma mene ne aka gwada? Kwamfutar da aka yi nunin da ita kamfani ne ya zaɓe ta, ya shirya ta tun kafin mutanen su iso, tana kuma da isasshen ƙarfin ɗaukar Vista. Wanda ya riƙe ta gwani ne da ya san inda zai taɓa da inda zai kauce wa. Mutanen ba su sa manhajar a tasu kwamfutar da hannunsu ba, ba su haɗa ta da tsohon injinsu ba, ba su kwana da ita ba balle su yi mako. Alhali kuwa kukan jama'a duk a waɗannan wurare yake. Watau an amsa tambayar da ba a yi ba, an bar wadda aka yi. Har wa yau kamfanin ne ya zaɓi fuskokin da za a nuna a talla. Wanda ya kalla zai tashi da zaton masu kuka duk jita-jita suka bi, alhali a lokacin nan ma ana shari'a da kamfanin a Siyatil a kan kwamfutocin da aka manna wa alamar cewa suna iya ɗaukar Vista, aka tarar mafi ƙanƙantar nau'inta kaɗai suke iyawa. A watan Oktoba na 2009 Windows 7 ta gaje ta.

Wannan dabara ta girmi kwamfutar gida nesa ba kusa ba. Kamfanin Colgate-Palmolive ya taɓa nuna a talabijin ana aske samfefa, takardar yashin nan ta kafintoci, da kumfar askinsa. Ashe wani faranti ne mai kama da gilashi aka barbaɗa wa yashi. A 1965 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa wanda ya ce wa jama'a ga gwaji suna gani da idonsu, alhali kwaikwayo ne bai faɗa ba, ya yaudare su ko da kayan nasa na da kyau. Gwajin Mojave bai kai nan ba, domin Vista ta gaske aka nuna. Laifinsa ya fi wannan laushi, shi ya sa ya fi wuyar kamawa: kowace kalma gaskiya ce, amma zaton da aka bar wa mai kallo ya wuce abin da aka gwada.

Dokar Nijeriya ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana ɗan kasuwa faɗin ƙarya a kan kayansa, ta kuma hana bayani mai karkatar da fahimtar mai saye. Hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON ta 1988, tana da kwamitin da ke duba talla kafin a fitar da shi. Wanda aka ruɗa yana da ikon kai ƙara, sai dai ƙara ba rasit tana da wuyar tsayawa.

Ƙaramin Mojave kuwa yana iya faruwa a kowace rumfa. Ɗalibi ya zo daga Bosso ko Gidan Kwano neman kwamfuta ta hannu, mai kanti ya kunna masa ita, ga Windows 11 tana ƙyalli, ta buɗe cikin ƙiftawar ido. Lalle ta buɗe, gama ba kome a cikinta. Abin da ba a gani ba shi ne, Windows 11 tana bukatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, tsofaffin kwamfutoci da yawa kuwa ba su cika sharaɗin ba. Akan sa musu ita ta bayan gida, kamfanin kuma ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irinsu gyara ba. Komawa Windows 10 ma ba mafita ce mai ɗorewa ba, domin tun ran 14 ga Oktoba, 2025 aka daina aiko mata gyaran tsaro, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi.

Saboda haka ana jawo hankalin mai saye ya karɓi na'urar a hannunsa. Ya zo da nasa takardun aiki ya buɗe su, ya cire wayar wuta ya ga yadda batir zai yi, ya kashe ya sake kunnawa, ya shiga sashen bayanin na'ura ya karanta da idonsa. Ya nemi a rubuta masa a rasit irin manhajar da ke ciki, da kwanakin da zai iya mayar da kaya in an sami matsala.