Sabuwar tukunyar gas ba fanko take zuwa ba

A Amurka akwai motocin da aka haɗa musu ɗakin kwana da kicin da banɗaki, iyali su shiga su yi makonni suna yawo daga wannan jiha zuwa waccan. Girki, firji, ruwan zafi da ɗumama ɗaki duk da gas ɗin furofen ake yin su. Mai mota yakan sayo sabuwar tukunya ya nufi wurin ɗuri kai tsaye. Mai ɗurin da ya san aikinsa kuwa sai ya tambaya: an fitar mata da iska?

Tukunya takan baro masana'anta da iska a cikinta, iskar nan kuma tana ɗauke da danshi. In aka ɗura gas a kanta haka, matsi yakan haura kima har bawul ɗin kariya ya buɗe, wutar murhu ta riƙa tsalle tana mutuwa. Danshin yakan daskare a regileta ya toshe hanya, domin gas yana sanyi ƙwarai yayin da yake ratsawa ta wurin. Wannan duk ɓacin rai ne kawai. Abin tsoron shi ne wari. Furofen ba shi da warin kansa. Wani sinadari ake zuba masa mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya kama yoyo. Iska da danshi suna sa cikin tukunya tsatsa, tsatsar kuma ta cinye sinadarin. Ga gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ka tuna mutane na barci a ɗan ƙaramin ɗaki, tagogi a rufe saboda sanyi.

Aikin fitar da iskar ba wuya. A fili, nesa da wuta, ake sakin iskar, a tura tururin gas kaɗan, kimanin psi 15, a sake shi, a maimaita sau huɗu ko biyar. Tururi fa, ba ruwan gas ba. Wasu kan ƙara ɗan sinadarin metanol ya tsotse ragowar danshi. Akwai tukwanen da ke zuwa an riga an zuƙe musu iska, da takardar shaida a jiki. Waɗannan kada ma a taɓa bawul ɗinsu kafin ɗuri, ana buɗewa iska ta koma. Duk da haka a ganina aikin na ƙwararre ne, ba na kowa ba.

Ɗuri a kashi 80 cikin 100 yake tsayawa, saboda ruwan gas yana kumbura da zafi. Tun 1998 ƙananan tukwane a Amurka suke fitowa da bawul mai hana cikawa fiye da haka, ana gane shi da mariƙi mai kusurwa uku. Bayan an ɗaura tukunyar a mota, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, kamar yadda masu gas ke yi a nan gida. In kumfa ta taso, a rufe, a kwance, a sake ɗaurawa.